Fitilar Dare a Teku da Tukunyar Zango

Jama'a, mu mutanen Zangon Kumasi ba masunta ba ne. Kakanninmu fatauci ya kawo su Asante, goro suka biyo, kuma tsakaninmu da bakin teku akwai tafiyar fiye da kilomita 200 a mota. Amma duk wanda ya leƙa madafin gidajenmu zai tarar teku tana ciki. Busasshen kifin nan da Asantawa ke kira amane shi ake dakawa a zuba a miyar kuka da ta ayoyo, shi ne kuma gishirin shiton da muke ci da wake da shinkafa. Masana sun ƙiyasta cewa wajen kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki da 'yan Ghana ke samu daga dabbobi, daga kifi yake fitowa. To, ashe abin da ake yi a tsakiyar teku da dare, lokacin da muke barci, ya shafe mu.

A wata shekara mun kai ɗalibanmu Elmina domin su ga tsohuwar ganuwar Turawa. Bayan la'asar sai yaran suka manta da ganuwar, suka tsaya a kan gadar tafkin Benya suna kallon kwale-kwalen Fanti na fita ɗaya bayan ɗaya, kowanne an sassaƙa shi daga itacen wawa, an ɗaura masa inji, ga taru jibge a ciki. Wani yaro ya tambaye mu dalilin da ya sa suke fita daidai lokacin da kowa ke komawa gida. Wani dattijon masunci da ke ɗinkin taru shi ya ba shi amsa. Ya ce a daren duhun wata, idan garken kifi yana tafe, ruwan da ke kewaye da shi yakan yi ƙyalli, mai ido ya hango daga nesa, a zagaye garken da taru. Wani dare a cika jirgi, wani dare a dawo hannu rabbana.

Wannan ita ce tsohuwar sana'a, kuma tana da ƙa'ida. Ran Talata ba a shiga teku a yawancin garuruwan bakin ruwa. A Elmina akan hana su a tafkin Benya na 'yan makonni, sai an yi bikin Bakatue a Talatar farko ta watan Yuli a buɗe shi. Daga Yuli zuwa Satumba kuwa ruwan sanyi yakan taso daga ƙasan teku da abincin kifi, amane ya yi yawa har ya yi araha a kasuwar Kejetia. Da yawa daga cikinmu mun tashi mun ga haka.

Yanzu abin ya sake. Wasu masunta sukan ɗauki janareta a jirgi, su zura manyan ƙwayayen lantarki cikin ruwa. Haske yana jawo kifi daga ko'ina, babba da ƙarami, har da mai ƙwai a ciki, a kwashe su gaba ɗaya a kowane wata na shekara. Dokar kamun kifi ta 2010 ta haramta wannan, amma ba a daina ba. Sa'an nan a shekarun baya an yi fama da abin da ake kira saiko: manyan jiragen kamfanoni su kama ƙananan kifin da ya kamata a bar wa masu kwale-kwale, su daskarar da shi, su sayar a tsakiyar teku. Wata ƙungiya mai suna EJF ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai an sauke wajen tan 100,000 ta wannan hanya. A 2021 Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi karo na biyu saboda kamun kifi ba bisa doka ba.

Ba za mu yi saurin zagin masuncin da ya kunna fitila ba. Ya ci bashin mai, yana da bakuna a gida, kuma ya san in ya kashe tasa maƙwabcinsa ba zai kashe ba. Sai dai kowa ya san wanda ya cinye iri da rani, ba shi da abin shukawa da damina.

Mun sha faɗa wa ɗalibanmu labarin wani kifi na gaɓar gabashin Amurka, mai ratsi-ratsi a jiki, wanda can suke kira striped bass. A teku yake girma, amma a koguna yake zuba ƙwai, musamman waɗanda ke shiga mashigin Chesapeake da kuma kogin Hudson. Da dare ya fi farauta, shi ya sa masu son sa ke fita a jirgi cikin duhu da fatsa. An yi ta kama shi har ya kusa ƙarewa. A 1984 majalisar ƙasar ta yi doka dominsa, a 1985 jihar Maryland ta hana kama shi ƙwata-ƙwata, ba ta buɗe ba sai 1990. Masunta sun ji jiki, amma a 1995 hukuma ta bayyana cewa kifin ya farfaɗo. Da aka sake matsa masa, binciken 2019 ya nuna ya kuma raguwa, har a 2023 aka ce mai kamun nishaɗi a teku kifi ɗaya zai ɗauka a rana, tsawonsa tsakanin inci 28 da 31. Darasi biyu ke nan: teku tana warkewa in an ba ta hutu, kuma tana sake kwantawa in an koma gidan jiya.

Mu ma an fara. A 2019 gwamnati ta rufe teku ga masu kwale-kwale na wata ɗaya, a 2021 aka mayar da hutun watan Yuli. A 2025 aka sa hannu a sabuwar doka da ta ƙara nisan yankin da aka keɓe wa ƙananan masunta daga mil 6 zuwa mil 12 na teku. Amma doka a takarda ba ta kashe janareta da ƙarfe biyun dare.

To, ina namu a ciki? Mu ne kasuwa. Iyayenmu mata da ke sarin kifi a Asafo da Kejetia sun fi kowa sanin bambancin amane da ya girma da wanda bai kai tsawon yatsa ba. In kwandon 'yan ƙananan ya daina samun mai saye a Kumasi, labari zai kai Elmina kafin mota ta koma. In an rufe teku kifi ya yi tsada, mu yi haƙuri da wake da kifin Yeji na 'yan makonni, kada mu shiga sahun masu cewa a buɗe. Malamanmu kuma su riƙa tuna mana cewa almubazzaranci haramun ne, a tudu ko a ruwa.

Yaran da muke koyarwa yau su ne za su yi cefane nan da shekara 20. Allah Ya sa su tarar da amane a kasuwa, a kuɗin da talaka zai iya saye. Amin.