Kafin a sayi sabon tebur, a fara auna ɗakin

A kowace shekara idan watan Oktoba ya kama aka koma makaranta a Nijar, maganar da ke bakin kowa ita ce ta ƙarancin malamai, da littattafai, da kuɗin kaye da bik. Ba kasafai ake tada maganar tebur ba, sai ranar da wani babba zai kawo ziyara, sannan a aro na ajin maƙwabta a jera. Alhali kuwa a kan wannan katako yaro yake wuni, ko kuma a ƙasa in bai samu wuri ba. Tun fitowata daga makarantar horon malamai ta Tanimun, yau shekara fiye da 20 ke nan ina riƙe da alli a Damagaram, kuma abin da na gani shi ne, yawancin matsalar teburanmu ba ta rashin kuɗi kaɗai ba ce. Ana yin su ne ba tare da an dubi ɗakin da za su shiga ba, balle yaran da za su zauna a kansu.

Akwai iyayen da ke cewa, ai mu a kan tabarma muka yi karatu, kuma ga mu. Gaskiya ne. Damagaram gari ne na malamai tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, kuma har gobe in ka ratsa Garin Malam da asuba za ka ga almajirai a zaune a ƙasa suna rubutu mai kyan gaske. Amma a lura, allo shi ne teburin kansa. Katako ne mai tauri, ka ɗora shi a gwiwa ya tsaya. Takardar kaye ba haka take ba. Yaron da ya ɗora ta a cinya dole ya duƙa, takardar ta lanƙwashe, bik ya huda ta, layi ya karkace. Daga nan malami ya ja masa jan biro ya ce rubutunsa ba kyau. Sannan a duba su wa ke ƙarewa a ƙasa. Ba manyan yara maza ba ne, su da ƙarfi suke kama wuri. Ƙanana ne, da 'yan matan da sai sun gama ɗibar ruwa suke isowa.

Shekarar da aka ba ni ajin CP, yara 68 na tarar a ɗaki mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7. Teburan da ke haɗe da benci, waɗanda muke kira tabul-ban, guda 14 ne masu lafiya. Na mutum biyu ne, amma huɗu-huɗu suke zama, sauran 12 kuma a tabarma a gindin allon bango. A bayan aji akwai tulin ƙarafan tebur da katakonsu ya ɓalle, an jibge su kamar ƙashin raƙumi. A gaba kuwa ga teburin malami, wani ƙato mai aljihu shida, wanda da gani ka san daga wani ofishi ya yi ritaya. Gara ta cinye ƙafarsa ɗaya, an tokare shi da bulo, kuma ya tare kusan rabin hanyar ƙofa.

Da maganar ta je gaban kwamitin kula da makaranta, shawarar farko ita ce a yi karo-karo a saya mini sabon tebur irin wancan. Sai wani dattijo cikin iyayen yara, kafinta ne a Zango, ya ce a dakata ya zo ya gani. Mutumin nan ya yi shekaru yana cin rani a Kwatano, inda ya yi aiki a wajen masu gyaran ƙananan jiragen ruwa, irin masu tafiya da iska, waɗanda ke da ɗan ɗaki a ciki da ake ci a kwana. Mu da ba mu san ruwa ba sai na tafki da na famfo in ya ga dama, muka yi ta mamakin me jirgin ruwa zai koya wa aji a Damagaram.

Ya zo da ma'auni da kwali. Bai kalli teburin ba tukuna, ƙofa ya fara aunawa. Ya ce da ni, "Mushe, a cikin jirgi ba a tambayar wane tebur ne ya fi kyau. Ana tambayar ta ina mutum zai wuce in an kafa shi."

Na ce, "To Baba, ai nan ba ruwa, ƙasa ba ta motsi."

Ya yi dariya ya ce, "Yara 68 sun fi igiyar ruwa motsi."

Ya bayyana mana yadda ake canza tebur a ɗakin jirgi. Da yake ƙofar ƙarama ce kuma bangon ba a miƙe yake ba, ba a yanka katako sai an fara yanka kwali daidai girman teburin, a sa shi a wurin, a zauna, a tashi, a wuce ta gefensa. Ana ɗaure teburin da ƙusa mai noti don kada ya zame ya buge mutum. Ana goge kusurwoyinsa su zama da'ira. Ana yi masa ɗan baki a gefe don kada kwano ya sulale. Mafi yawa kuma fiffike gare shi, a ɗaga in za a ci abinci, a sauke in an gama. Tsohon ma ba a jefar da shi gaba ɗaya, in ƙafarsa da ramukan notinsa suna da kyau a kansu ake ɗora sabon.

Haka ya yi mana. A maimakon ƙaton teburin nan, ya kafa wani katako a jikin bango kusa da allo, faɗinsa bai wuce na rajistar aji a buɗe da kaye kaɗan ba. Yana da ƙafa guda mai naɗewa, in na gama kiran suna ko gyaran aiki sai in sauke shi ya kwanta a bango. Aljihun tsohon guda biyu da gara ba ta taɓa ba, ya mai da su ɗan akwati mai kwaɗo na ajiye alli da rajista. Saman tsohon kuwa, da yake katako ne mai kauri irin na da, ya tsaga shi ya fitar da saman tebur biyu na yara. Wurin da ƙaton ya tashi ya ɗauki tabul-ban biyu, kuma ƙofa ta buɗe sarai.

Sauran kuɗin da aka tara aka mai da su kan tulin ƙarafan bayan aji. Mai walda ya zo ya haɗa waɗanda suka tsage, kafinta ya ɗora katako. A nan ya nuna mini abin da ke kashe teburanmu. Ƙusar bugawa ce. Yaro yana girgiza tebur kullum, zafin bazara da iskar hunturu suna busar da katako ya tsuke, ƙusa ta yi sako-sako ta fito, ta yaga wando ko ta soki cinya, daga nan katakon ya ɓalle wani ya kai gida a hura wuta. Noti kuwa in ya saki, da sufana guda ake ɗaure shi. Ya kuma ce a shafa wa katakon magani kafin a kafa, a riƙa ɗaga teburan ana share ƙarƙashinsu, don gara ba ta son wurin da ake motsawa. Da kuɗin da za a saya mini tebur guda, teburan yara shida suka tashi. Da su da biyun farko, ba wanda ya sake zama a ƙasa a ajin nan.

Wani abin da ya yi wanda ban taɓa ganin ɗan kwangila ya yi ba shi ne, ya kira yara uku, ƙarami da matsakaici da babba, ya zaunar da su ya auna. Yaro ɗan shekara 6 ko 7 yana bukatar benci mai tsayin kusan santimita 31 zuwa 35, da tebur na 53 zuwa 59. Na ajin CM2 yana bukatar benci na kusan 38 zuwa 43, da tebur na 64 zuwa 71. Amma sau da yawa girma ɗaya ake kawo wa makaranta daga CI har CM2. Sai ka ga ɗan ƙaramin yaro ƙafarsa tana lilo, haɓarsa a kan tebur, yana rubutu a tsaye. Dattijon ya rage ƙafar guda huɗu, muka sa su a sahun gaba.

Maganar hanyar ƙofa kuwa ba ta ado ba ce. Ba malamin Nijar da zai manta ranar 13 ga Afrilun 2021, da gobara ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu, ko ranar 8 ga Nuwamban shekarar, da irin haka ta faru a Maraɗi, aka rasa yara aƙalla 25. Bayan nan gwamnati ta hana sa 'yan rainon yara a azuzuwan zana. Namu ajin na bulo ne, amma ko a ginin siminti, in maciji ya shigo ko iska ta ɗaga kwano, yara ƙofa ɗaya za su nufa a lokaci ɗaya. Duk abin da ya tare ta, ko teburin malami ne, haɗari ne.

Akwai kuma lissafin katako. Ƙasarmu ba ta da dajin da ake yanka katakon aiki. Gawon da manoman Magariya da Matameye da Mirriya suka raya a gonakinsu ya fi amfani a tsaye. Katakon da ake sayarwa a gari mafi yawansa daga kudu yake zuwa, ta hanyar Kano. Mun ga yadda farashi ya yi lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, muka sake gani bayan Yulin 2023. Wanda ke sayen katako daga nesa bai kamata ya bar ƙarfe mai kyau yana tsatsa a bayan aji ba.

Kwamitocin kula da makarantu, waɗanda aka fi sani da COGES, don irin wannan aka kafa su. Shirin da ƙasar Japan ta tallafa ya fara a jihar Tawa a 2004 kafin ya iso Damagaram, kuma manufarsa ita ce mutanen unguwa su zauna su tsara abin da za su iya yi da hannunsu. Gina aji nauyin hukuma ne, kuma ba za mu daina tuna mata ba. Amma ɗaure noti ba ya bukatar takarda daga Yamai.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce, kafin hutun damina kowa ya ƙirga teburansa kashi uku: masu lafiya, masu bukatar noti, da masu bukatar katako. A kai wa kwamiti a rubuce tun watan Yuni, don a yi gyara a hutu. Ga iyaye kuma, musamman ƙungiyar iyaye mata, ku shiga ajin 'ya'yanku ku gani da idonku, ku tambayi yaro a ina yake zama, su nawa ne a benci, ƙafarsa tana taɓa ƙasa ko a'a. A kowace unguwa, daga Birni har Sabon Gari, akwai kafinta ko mai walda da ɗansa ke cikin makarantar. A gayyace shi taron kwamiti, a ba shi dama ya yi magana kafin a yanke shawarar abin da za a saya, sannan a biya shi haƙƙin aikinsa ba tare da jan rai ba.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya tsare mana su.