Bahar Maliya tana ƙara faɗi, Turkiyya na biyan kuɗin

Jiya da dare na zauna ina kallon taswirar Bahar Maliya a waya, abin ya hana ni barci. Ku duba gaɓar Sudan da gaɓar Saudiyya da kyau. Kamar ƙwarya ce ta tsage biyu, in ka matso da ɓarin nan kusa da wancan sai su haɗe tsaf. Kuma haka abin yake. Shekara kusan miliyan 30 da suka wuce babu teku a wurin, yankin Larabawa manne yake da Afirka.

Ƙasar da muke takawa ba dunƙule guda ba ce. Ɓawonta a farfashe yake, manyan sakainu ne jere da juna, suna zaune kan dutse mai tsananin zafi wanda ke motsi a hankali kamar tuwo ya fara kama jikinsa. Sakainar da ke ɗauke da Makka da Madina tana janyewa daga tamu ta Afirka da misalin santimita 1 a shekara. Farcen hannunka ma ya fi ta sauri. Kakanninmu da suka yi Hajji a ƙafa, suka ratsa Chadi da Sudan suka hau jirgin ruwa a Sawakin, tekun da suka ƙetare bai kai na yau faɗi ba, ko da yake bambancin bai wuce taku ɗaya ko biyu ba.

Inda ƙasa ke rabewa, narkakken dutse kan samu hanyar fitowa. Wanda ya je Madina ya ga baƙaƙen duwatsun nan masu kaushi da ake kira Harra. A shekarar 654 bayan Hijira, wato 1256, wuta ta ɓarke a kudu maso gabashin birnin, ta yi makonni tana malala, malaman tarihin zamanin suka rubuta labarinta.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ɗaya gefen. Wanda ya ja da baya daga wani, to wani yake turewa. Sakainar Larabawa arewa ta nufa, tana dannar sauran nahiyar Asiya. Dannar nan ce ta tattare ƙasa ta tayar da tsaunukan Zagros na Iran, kamar ka ture tabarma jikin bango ta yi tudu. Ita ce kuma ke matse Turkiyya tana tura ta yamma. A bakin iyakar sakainun, duwatsu kan cije juna, su ƙi motsi shekaru ɗaruruwa alhali turin bai fasa ba. Ranar da suka saki, tafiyar da aka ƙi yi a ƙarnuka sai a yi ta cikin minti ɗaya ko biyu.

Abin da ya faru ke nan ranar 6 ga Fabrairun 2023, da ƙarfe 4:17 na asuba, mutane na barci cikin sanyi. Girgiza mai ƙarfin 7.8, bayan awa tara wata ta biyo. Fiye da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya da Siriya. Allah ya jiƙansu. Na ga hotunan layin dogo ya lanƙwashe, gonar zaitun ta rabe biyu da rami a tsakiya.

Ƙaddara ce, ba musu. Sai dai masana sun daɗe da sanin inda tsagar ƙasar take, kuma benaye da yawa da suka rufta an gina su ne ba bisa ƙa'ida ba, shi ya sa aka kama 'yan kwangila bayan haka. Wannan kam ba laifin dutse ba ne.

Alhazan bana, in jirginku ya kusa Jidda, wanda ke kusa da taga ya leƙa ƙasa ya ga tekun nan da idonsa, ya zo ya ba mu labari.