Araha Ba Ta Ado

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, wani kuskure ne da na tafka a ɗaya daga cikin littattafaina nake son mu tattauna a kai.

A cikin littafin, tauraron labarin ya je birnin Basalona na ƙasar Sifen harkar kasuwanci, sai Baturen da ya sauke shi ya buɗe masa kwalbar shamfen don karramawa, shi kuwa ya ce addininsa ya hana. Ni dai ban taɓa kai giya bakina ba, a fim na ga masu kuɗi na fasa ta kumfa na tashi. Bayan littafin ya fito, sai wani ƙanen maigidana da ya yi shekaru yana aikin tsinkar inabi a can ya bugo mini waya yana dariya, ya ce, "Anti, kin yi ɓaranɓarama. Mutumin Basalona in zai karrama baƙo Cava zai buɗe, ita ce tasu. Shamfen ta Faransawa ce." Kunya ta kama ni, don haka na shiga tambaya da karance-karance.

Ashe Cava giya ce mai kumfa da ake yin mafi yawanta a yankin Kataloniya, musamman a garin Sant Sadurní d'Anoia da ke kusa da Basalona. A 1872 wani mai suna Josep Raventós na gidan Codorníu ya fara yin ta. Hanyar yin ta kuwa ɗaya ce da ta shamfen: bayan ruwan inabin ya zama giya, sai a ɗura a kwalba da sukari da yis, a toshe, ta sake tsima a ciki, daga nan kumfar ke samuwa. Dole ta kwanta aƙalla wata 9 kafin a sayar, wadda ake kira Gran Reserva kuwa sai ta yi wata 30. A da su ma shamfen suke ce mata, amma doka ta keɓe wa yankin Champagne na Faransa wannan suna, shigar Sifen ƙungiyar ƙasashen Turai a 1986 kuma ta rufe maganar. Shi sunan Cava ma'anarsa ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa.

Ta fuskar samuwa a waje, Cava ba ta da matsala. A 2024 an sayar da fiye da kwalba miliyan 200, kusan kashi biyu cikin uku a ƙasashen ƙetare, irin su Jamus da Beljiyam da Amurka da Ingila. Baƙar kwalbar Cordon Negro da kamfanin Freixenet ya fito da ita a 1974 ta shiga manyan kantunan ƙasashe da dama. To amma a nan gizo ke saƙar. Don a mamaye kasuwa sai aka riƙa karya farashi, har mutanen waje suka ɗauke ta a matsayin abin da ake saye in kuɗin shamfen bai kai ba. Ana cikin haka Prosecco ta Italiya, wadda a manyan tankuna ake tsima ta, aikinta bai kai na Cava wahala ba, ta zo ta wuce ta nesa a ciniki. Ga aiki irin na shamfen, ga suna na kayan araha.

Abin ya ƙona ran wasu masu yin ta da kyau. A 2012 gidan Raventós i Blanc, wato zuriyar wanda ya ƙirƙiro ta, ya daina sa sunan Cava a kwalabensa. A 2019 wasu gidaje 9, ciki har da Gramona da Recaredo, suka fice suka koma amfani da sunan Corpinnat. Ku duba fa, mutum ya gudu daga sunan da kakansa ya kafa!

Da na zo nan sai na ajiye biro na yi tagumi, domin labarinmu na gani. Mu ma an laƙaba mana "adabin kasuwar Kano", kuma ba don yabo ba. Littattafanmu sun shiga ko'ina, daga Sabon Gari har Maraɗi da Damagaram, amma da yake kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, sai aka yi wa mai kwana tana gyaran rubutu da mai kwafe fim ɗin Indiya kuɗin goro. Na san marubutan da in sun shiga taron 'yan boko ba sa yarda a ce musu 'yan kasuwa. Ni ma, gaskiya ɗaya ce, na taɓa yin hakan.

Sai dai masu Cava da suka zauna ba su naɗe hannu ba. A 'yan shekarun nan sun tsaurara dokokinsu, sun ƙara wa mai sunan Reserva lokacin kwanciya daga wata 15 zuwa 18, sun kuma rarrabe yankunan da inabin ya fito, don mai saye ya san abin da ya biya. Wannan ya fi kwanta mini a rai fiye da ƙaura. Ba zan gudu daga sunan da ya ciyar da ni ya tufatar da 'ya'yana ba, amma na daina sakin labari ban bincika abin da na sa a cikinsa ba.

Na riga na gyara wancan shafi. Yanzu Cava Baturen ke buɗewa, tauraron namu kuma har yau lemo yake sha.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.