Daburcewa ko Kiɗimewa: Kalmar *Discombobulated* a Ma'auni

A shekararta ta farko ta karatun digiri na biyu a jihar Wiskonsin ta Amurka, wata ɗaliba Bakatsiniya ta sami saƙo daga gida cewa an kwantar da mahaifiyarta a asibiti. Ta zauna rubuta wa malamin da ke duba aikinta takardar neman izinin tafiya, amma kunya ta hana ta fayyace dalili. Ta so kalma ɗaya ta ɗauke mata wannan nauyi. Ƙamus ya miƙa mata *discombobulated*, wato wanda ya rikice, natsuwa ta ƙwace masa. Ganin tsawon kalmar, sai ta zaci nauyinta ma haka yake.

Amsar malamin ta zo cikin raha: ta sha shayi, ta yi barci, gobe za ta wartsake. Dole ta taka zuwa ofishinsa ta faɗi gaskiyar lamari, nan take fuskarsa ta sauya.

Ƙamus bai yi mata ƙarya ba, abin da bai jaddada mata ba shi ne muryar kalmar. Amurkawa ne suka ƙirƙire ta a ƙarni na 19 don barkwanci, suna kwaikwayon dogayen kalmomin da Ingilishi ya aro daga Latin. Da ita ake kwatanta matafiyin da dogon jirgi ya juya wa dare da rana, ko wanda aka tasa daga barci bai san gabas ba. Ba a kai ta gidan makoki, ba a kai ta bakin gadon majinyaci. Hausa ma ta san wannan iyaka. Ango yakan daburce gaban surukai, a yi masa dariya. Wanda aka ce uwarsa na kwance kuwa kiɗimewa yake yi, hankalinsa ya tashi.

A filin jirgin saman Milwoki, bayan shingen bincike, akwai allo da aka rubuta wa *Recombobulation Area*, wurin da matafiya ke mai da takalma da ɗamara. A nan ta zauna tana ɗaura igiyar takalmi, murmushi ya suɓuce mata karo na farko cikin kwana uku. Daburcewar bincike ta ƙare a kan wannan benci. Abin da ke ƙirjinta kuwa, sai da ta riƙe hannun mahaifiyarta a Katsina ya lafa.