Matsattsen Haske a Gonakin Ruthe

Baƙon da ba a gaya masa ba zai wuce wurin bai ko waiwaya ba. Ƙauyen Ruthe yana kusa da garin Sarstedt, kimanin kilomita 20 kudu da birnin Hanoba na Jamus, cikin gonaki da lambunan itatuwa. Abin da ido ke gani 'yan ɗakuna ne masu kama da kwantena, sai dogayen ramuka biyu da aka rufe, kowanne mita 600, sun rabu daga kusurwa ɗaya. Wannan ce GEO600, na'urar da masanan Jamus da Birtaniya suka fara ginawa a 1995 domin sauraren igiyoyin nauyi, wato girgizar da Einstein ya ce tana ratsa sararin samaniya idan manyan halittu irin su baƙaƙen ramuka suka yi karo.

Yadda take aiki ba shi da wuyar faɗi. Ana raba hasken leza gida biyu, kowanne ya bi bututun da aka zuƙe iskar cikinsa, ya daki madubi, ya dawo. An saita su ta yadda idan suka haɗu za su kusa kashe juna, mafitar ta zauna cikin duhu-duhu. Idan igiya ta ratsa, hannu ɗaya, wato bututu ɗaya, ya ɗan miƙe, ɗayan ya ɗan tsuke, hasken mafitar ya canza. Motsin da ake farauta bai kai faɗin furoton ba, ƙwayar nan ta tsakiyar zarra; ya gaza shi sau ɗaruruwa. Saboda haka aka rataye madubai da zaren gilashi, aka yi maganin girgizar ƙasa da ta motoci da ta iska.

Bayan an gama da waɗannan duka, akwai hayaniyar da ta rage, kuma ita ce ta kawo ni. Haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, ƙwayoyin kuma ba sa isowa a jere bisa ƙa'ida. Wani lokaci su yi cincirindo, wani lokaci su yi ƙaranci. Wannan rashin tsari yana rufe ƙananan alamu. A 1981 wani masani Ba'amurke, Carlton Caves, ya nuna abin da har yanzu yake ba ni mamaki: ba daga lezar hayaniyar take fitowa ba, ta ƙofar mafitar nan mai duhu take shigowa, inda babu komai. A ilimin kwantum, wofi ma ba ya zama shiru. Ko an kwashe iska, an kashe kowace fitila, akwai ɗan motsi da ba ya ƙarewa, shi ne yake kutsowa ya gauraya da hasken aunawa. Na tsaya gaban zanen na'urar da ke jikin bango na daɗe ina duban wannan ƙofa, ina tunanin cewa abin da ya hana ɗan Adam jin karon taurari ya fito ne daga wurin da muke kira babu.

Caves bai tsaya ga gano cutar ba, ya faɗi magani. Dokar da Heisenberg ya kafa a 1927 ta ce akwai siffofi masu zuwa biyu-biyu da ba a iya tabbatar da su gaba ɗaya a lokaci guda. Ga haske, su ne ƙarfin igiyarsa da kuma takunta, wato daidai lokacin da take tashi da sauka. Dokar ta ƙayyade mafi ƙarancin rashin tabbas na biyun a haɗe, amma ba ta ce sai an raba shi daidai-wa-daida ba. Kamar salka ce cike da ruwa: ka matse ta nan, ta kumbura can, ruwan bai ragu ba. To taku ne na'urar take aunawa. Sai a matse hayaniyar daga ɓangaren taku, a tura ta ɓangaren ƙarfi inda ba ta cika damun kowa ba, a cusa wannan matsattsen haske ta ƙofar duhun ya maye gurbin wofin da ke shigowa da kansa.

An fara samar da irin wannan haske a ɗakin bincike na Bell a Amurka a 1985, amma kai shi cikin na'ura mai aiki dare da rana ya ci shekara 25. A nan Ruthe aka yi hakan, a 2010. Abin da ke yin aikin tebur ne guda cike da ƙananan madubai da tabarau. Ana haska koren haske cikin wani ɗan dutse mai kama da lu'ulu'u, kowace ƙwayar kore ta rabe ta zama tagwayen ƙwayoyi na hasken da ido ba ya gani, kuma dangantakar tagwayen nan ce take kawo tsari cikin hayaniyar. A 2011 suka ba da rahoton cewa hayaniyar ta ragu da desibel 3.5, kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2021 suka kai desibel 6, wato rabi cif. Da ƙarfin leza za a nemi wannan, sai an ninka shi sau huɗu, kuma zafinsa zai lanƙwasa madubai.

Wata ɗaliba mai neman digiri na uku da ta zagaya da mu ta fi daɗewa a kan maganar asara fiye da komai. Matsattsen haske ba ya jure ɓarna. Duk ƙwayar da ta ɓata a jikin madubi ko tabarau, wofin nan mai hayaniya ne yake shiga madadinta. Shi ya sa masanan Hanoba suka auna desibel 15 a ɗakin bincike a 2016, amma cikin na'urar gaske ake fama kafin a kai 6. Yawancin aikin shekarun nan na goge gilashi ne, da daidaita haske, da farautar kashi ɗaya cikin ɗari da ke zurarewa a wani lungu.

GEO600 ba ta taɓa kama igiyar nauyi ba. Hannayenta sun yi gajarta. Na'urorin LIGO biyu na Amurka, a Hanford da Livingston, masu hannayen kilomita 4, su suka kama ta farko ranar 14 ga Satumba 2015, kuma a kan wannan aka ba da kyautar Nobel ta 2017. Wani zai ce ƙaramar ta yi aikin banza. Ni ban yarda ba, domin lezar da LIGO ta yi wannan kamu da ita a Hanoba aka ƙera ta, kuma shekarun da aka yi ana gwada matsattsen haske a gonakin nan su suka tabbatar cewa dabarar tana iya aiki wata da watanni ba ta tsaya ba.

Daga Afrilun 2019 LIGO da Virgo ta Italiya, wadda ke kusa da Pisa, suka shiga aiki da matsattsen haske. Na'urar matsewar Virgo ma daga Hanoba aka kai ta. Nisan da LIGO ke ji ya ƙaru da kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari. Adadin kamar kaɗan ne, amma sarari ta kowace fuska yake faɗaɗa, don haka yawan abin da ake sa ran kamawa ya ƙaru da kashi 40 zuwa 50.

Sai dai hayaniyar da aka tura ɓangaren ƙarfi ba ta ɓace ba. Ƙwayoyin haske suna dukan madubi, kuma idan ƙarfinsu yana hawa da sauka, madubin LIGO mai kilo 40 yana rawa, abin da ke ɓata sauraren igiyoyi masu kaurin amo. Maganin da aka samo shi ne a fara bi da matsattsen hasken ta wani bututu na dabam mai tsawon mita 300, wanda ke juya matsin: a amo mai kauri ya danne ƙarfi, a amo siriri ya danne taku. Da wannan LIGO ta buɗe zangon saurarenta na huɗu a watan Mayun 2023. Na'urar da Turai ke shirin ginawa a ƙarƙashin ƙasa, mai suna Einstein Telescope, desibel 10 take nema, kuma ba za ta same shi ba sai an rage asarar haske a kowane madubi fiye da yadda aka taɓa yi a kowace na'ura mai aiki yau.