Gida na ɗaya da na uku

Kalma ce ta ja ni, ba addini ba. A darasin asalin kalmomi muka ci karo da "bhakti", sunan da mabiya addinin Hindu ke bai wa ibada. Tushenta a harshen Sanskrit "bhaj" ne, wato raba, ko samun rabo. Mu kuwa "bauta" muke cewa, ƴar'uwar "bawa", kamar yadda ibada ta fito daga "abd" na Larabci.

Son sani ya kai ni ga littafinsu Bhagavad Gita. Babi na 7 ya kasa masu ibada gida huɗu: wanda wahala ta kama, mai neman sani, mai neman abin duniya, da wanda ya riga ya sani. Na ƙarshen ne a sama. Ba ya biɗar komai, kuma a fassarar wasu malamansu, sanin kansa da sanin abin bautarsa sun zame masa abu guda. Ni Musulmi ne, wannan "abu guda" ban yarda da shi ba. Amma kason ya sosa ni, don wallahi a gida na ɗaya da na uku na ga kaina: ba na tashi tsakar dare sai jarrabawa ta matso, ko aljihu ya bushe.

Da hutu na je Yekuwa, na tarar da kakata bisa tabarma bayan la'asar, tana lazimi. Na jira ta shafa, na ce, "Kaka, wai me kike roƙo haka tun ina yaro?"

Ta ce, "Roƙo kuma, maigidana? Ai gaisuwa ce. Tashi ka ɗaure mini awakin can."