Majinyaci Ne ko Mahaukaci?

Duk ɗalibin aikin jinya a Nijeriya, kafin ya kammala karatu, sai an tura shi asibitin masu taɓin hankali ya yi 'yan makonni, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware, ko Dawanau. Ina da ƙanwa a irin wannan makaranta, don haka nakan ji hirarsu in sun zo hutu. Ba su da wurin da suke ƙi kamar wannan. Wata ta ce tsoron duka take yi. Wata kuwa cewa ta yi wai wanda ya daɗe cikin mahaukata shi ma sai ya soma taɓuwa, kuma ba saurayin da zai so a ce matarsa can take aiki.

Da yake ni ɗalibin harshe ne, kalmominsu na fi sa wa kunne. Mai zazzaɓi majinyaci suke kiransa, haka mai karaya. Amma da an zo kan wancan sai ka ji "mahaukacin nan", ko "wanda ya zare". A aji an koya musu cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma tana jin magani. Sun rubuta haka a jarrabawa, sun ci. To amma abin da aka raine mu da shi, wato iskoki da sammu, yana nan daram ƙarƙashin fararen kaya.

Ban ce a zage su ba, jama'a, gidajenmu suka fito. Hukuma ma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Alhali tun 1954 Dokta Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiyarsa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, a Abekuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinyarsa, ba mari ba sarƙa.

Abin da ke damuna shi ne mai jego. Akwai matan da hankalinsu kan gushe 'yan kwanaki bayan haihuwa: ba barci, sai surutai, wata har ta ƙi jaririnta. Sau da yawa nas ce za ta fara lura, kafin likita. In ta gane ciwo ne, a ba da magani matar ta warware ta koma ɗakinta. In kuwa ta raɗa wa dangi cewa wannan ba na asibiti ba ne, to, an kwashe ta ke nan sai gidan mai magani, wataƙila a ɗaure, jariri kuma a hannun kaka.